Babu Markus a Layinmu

Shekara talatin ke nan ina maƙwabtaka da Markus Didam a Gyaɗi-Gyaɗi, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma in aka ce in rantse a kan abin da ya ci da safe ba zan iya ba. Sunana Ummulkhairi. Nas ce ni da na bar aikin asibiti na buɗe kemis a bakin layi, kuma mai kemis ba abin da ke wuce ta. Na san mai basir, na san mai hawan jini, na san wadda ta yi ɓatan wata tun kafin mijinta ya sani. Markus kaɗai ya gagare ni. In ya zo sayen maganin ciwon kai, yana dafe da goshi zai ce na wani abokinsa ne.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kano yana saurayi. Ya samu aiki a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, a nan ya tsufa har ya yi ritaya. Shekara talatin da biyar yana kallon takardun mutane suna shiga suna fita, wasu su shiga su yi ɓatan dabo. Abin da ya koya a wurin, a faɗarsa, shi ne duk alherin da aka ambata kafin ya shigo hannu ya zama na wani. Hujja ɗaya yake kawowa, ita ma sai da muka shekara goma tare kafin ya ba mu ita. Wai yana yaro ya ci jarrabawar wata kwaleji, uwarsa ta yi guɗa, aka dafa shinkafa, ƙauye ya ɗauka. Da ya isa da akwatinsa aka duba aka ce babu sunansa, sai ga ɗan kawunsa cikin ɗalibai. Ni dai na daɗe ina zargin faɗuwa kawai ya yi, amma ban taɓa gaya masa ba.

Tun daga nan ya rufe cikinsa. In ya ce zai leƙa Tarauni, to sai bayan kwana huɗu za ka gan shi da buhun citta da doya daga garinsu. Da ya sayi babur, wata shida yana cewa aro ne. Lokacin da matarsa Asabe take da cikin 'yarsu Hope, ni da na yi shekaru a ɗakin haihuwa ya dubi tsabar idona ya ce tuwo ne ya karɓe ta. Asabe kuwa, Allah sarki, mace ce mai sakin fuska, ita ke biyo bayansa tana gyara mana zancen. Da ta rasu shekara biyar baya, sai muka rasa tafinta.

Ba mugu ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Duk layin nan shi ke cike wa mutane fom, shi ke rubuta wasiƙar neman aiki, kuma sirrinka in ya shiga kunnensa ya shiga rijiya. Zargi ne kawai ya yi masa yawa. In ka gaishe shi sau biyu a rana, zai kwana yana tunanin me kake nema.

Mu ma muna da tamu cutar, kuma dole in faɗe ta. Shekarar da gari ya rikice, wajen shekara ashirin baya, wasu matasa da ba 'yan unguwa ba suka shigo layinmu da rana tsaka, riƙe da gorori, suna tambayar gidajen Kirista. Malam Sha'aibu tela, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya tsaya a tsakiyar hanya da almakashi a hannu ya ce musu babu ko ɗaya a nan. A lokacin Markus na kwance a shagon Sha'aibu ƙarƙashin tulin yadi, Asabe da Hope kuma suna ɗakin surukata. Suka bi gida-gida suna tambaya, kowa ya maimaita abin da Sha'aibu ya faɗa, har suka gaji suka tafi. Daga ranar abin ya zama mana jiki ba tare da wani ya kafa doka ba. Baƙo ya tambayi gidan Markus, amsa ɗaya ce: ba mu san shi ba. Mun yi wa ɗan aike, mun yi wa masu rigakafi, akwai wani sabon fasto da sai da ya yi zuwa uku kafin muka yarda fasto ne. Muna alfahari da abin, ba na ɓoyewa.

To, wata Talata da hantsi ina jera magunguna, sai ga wani mutum ya tsaya a bakin kanta. Farin yadi ne a jikinsa, ba hula, askin nan ƙasa-ƙasa, takalminsa baƙi yana ƙyalli duk da taɓon damina da ke layin. Ya yi sallama, ya sayi ruwan roba, bai buɗe ba. Wannan shi ne abu na farko da ban so ba. Mai ƙishirwa ba ya riƙe ruwa yana waige-waige.

"Hajiya, don Allah ko nan ne layin su Hope Markus Didam? An ce gidansu na bayan kemis."

Ya faɗi sunan cikakke, kamar mai karantawa daga takarda. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga Kaduna. Na ce lafiya, ya ce lafiya ƙalau, 'yan tambayoyi ne kawai game da ita: tun yaushe take zaune a nan, da wa take hulɗa, yaya halinta. Namiji baƙo yana bin diddigin budurwa, kuma ya ƙi faɗin wanda ya aiko shi. A zamanin nan da ake ɗauke mutane a ƙofar gidajensu. Na gyara mayafina na ce masa shekarata talatin a layin nan, ban taɓa jin mai wannan suna ba.

Ya dube ni, ya fito da ɗan littafi ya rubuta wani abu, ya tsallaka wurin Malam Sha'aibu. Ina leƙe ta tsakanin kwalabe. A kan bencin shagon akwai mutum zaune ya buɗe jarida ta rufe masa fuska, kuma wannan mutumin Markus ne da kansa, don nan yake yini tun da ya yi ritaya. Sha'aibu bai ko tsayar da keken ɗinki ba, ya ce babu Markus a layinmu, a gwada Darmanawa. Baƙon ya juya ga mai jarida ya ce, Baba kai fa? Markus ya girgiza kai daga bayan jaridar. Na ji daɗin wannan haɗin kai har cikin raina.

Rabi'u mai adaidaita sahu shi ya ƙarasa aikin. Baƙon ya tare shi ya ce ya zaga da shi lungunan bayan kemis. Rabi'u ya ɗauke shi ya fita da shi titin gidan Zoo, ya bi da shi ta Unguwa Uku, yana tsayawa yana tambayar mutanen da ya san ba su sani ba, daga ƙarshe mutumin ya ce a sauke shi kusa da sakatariyar Tarauni. Rabi'u ya dawo yana ba mu labari muna dariya, har na ba shi lemo kyauta.

Da la'asar Hope ta dawo daga asibitin da take aiki. Ita ma nas ce, tare suka yi karatu da 'yata Jamila, kuma a hannuna ta koyi ɗaura ruwa. Na kira ta cikin kanti na ja mata kunne, na ce ta yi hattara, akwai mai nemanta, amma mun sallame shi. Na siffanta mata shi tiryan-tiryan. Da na zo kan aski da takalmi, sai na ga ta lalubi benci ta zauna.

"Anti, me kuka ce masa?"

"Abin da muka saba."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye jakarta a ƙasa ta ba ni labarin da ya kamata in sani tun wata takwas baya. Ashe ta nemi shiga makarantar horar da hafsoshin soja, gajeren kwas ɗin da ake ɗaukar masu digiri irin su likitoci da nas-nas. Wannan ne nemanta na uku. Ta ci jarrabawa, ta wuce gwajin lafiya, ta yi gudu, ta zauna gaban masu tantancewa a Kaduna. Makon nan biyu da Markus ya ce mana ta tafi jinyar gwaggonta, can take. Abin da ya rage shi ne a tabbatar da adireshin da ta rubuta da kuma halinta a bakin maƙwabta. In aka rubuta cewa ba a san ta a wurin ba, to ta yi ƙarya a fom ke nan, magana ta ƙare. Shekarunta kuma sun kai iyaka, baɗi ba za a karɓi takardarta ba.

 Yarinyar da na ɓoye a bayan gadon surukata, yau ni ce na fara sa mata ƙafa. Na rufe kanti ko makulli ban murɗa daidai ba, muka nufi gidansu.

Mun tarar da Markus yana tsince wake a faranti, hankalinsa kwance. Da Hope ta gaya masa, sai ya ce ai ya san za a zo, amma wannan ba soja ba ne. Soja ba kaki, ba mota? Ɗan leƙen asiri ne wani ya turo don ya samo abin da za a ɓata ta da shi a ba wani gurbin. Hope ta ce, cikin ladabi, ta gaya masa tun farko ba da kaki za su zo ba. Ya ce haka suka gaya mata, shi kuwa ya san yadda ake yi. Na tambaye shi me ya hana shi ko raɗa mini a kunne, in san irin baƙon da zan nuna wa hanya. Ya ci gaba da tsintar wakensa, ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ban taɓa jin sha'awar kifa wa dattijo faranti a ka ba sai ranar.

Washegari da sassafe Rabi'u ya kwashe mu, ni da Malam Sha'aibu da Markus, zuwa inda ya sauke mutumin. Hope muka ce ta tafi aikinta, kada a ce ita ta haɗo mu. Markus ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rungumo wani tsohon fayil mai igiya. Da tambaya muka gano ɗan ofishin da aka ara wa baƙon a bayan sakatariya, inda yake duba takardun wasu masu neman. Muka yi zaman awa biyu a baranda kafin ya ce mu shigo.

Ya gane mu duka. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Markus.

"Kai ne mai jarida."

"Ni ne Markus Didam, ranka ya daɗe."

"Jiya ba ka san shi ba."

Yanzu zargin ya juyo kanmu, kuma na ɗanɗana yadda yake. Mutumin ya ce jiya mutum huɗu sun shaida masa babu wannan iyali a layin, yau mutum huɗun nan sun zo da kansu suna cewa akwai. Ɗaya daga cikin ranakun biyu ƙarya muka yi, shi kuma aikinsa bai ce ya zaɓi wadda ta yi mana daɗi ba. Ya ce ya sha ganin wanda ya rubuta adireshin bogi, in asiri ya tonu ya ɗebo shaidun haya. Markus ya kwance fayil ya baza masa katin awon Asabe, takardar haihuwa, katin baftisma, sakamakon firamare aji-aji, ba abin da ya ɓata. Mutumin ya ɗaga biyu ya ajiye, ya ce duk wannan ana bugawa a shagon kwamfuta kafin azahar.

Sai na ce a ba ni dama. Na ba shi labarin gorori da tulin yadi, na gaya masa dalilin da ya sa bakinmu ya saba da wannan amsa. Ya saurara bai katse ni ba, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya fitar da mu, ya riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya. Ya tambaye ni kwana nawa suka yi a ɓoye, na ce huɗu. Me yarinyar ta sa da za a fitar da ita, na ce hijabin Jamila, ruwan toka, ya yi mata tsawo tana takawa. Sha'aibu ya fito ya ce shi ma hakan aka tambaye shi. Rabi'u ya fito yana gumi, ya ce shi an tambaye shi dalilin da ya sa hanyar minti biyar ta zama ta minti arba'in.

Daga ƙarshe ya tara mu, ya ce maganarmu ta zo ɗaya, amma labari ana iya haddace shi a daren jiya. Abu guda ne bai shiga kansa ba. Ya juya ga Markus. Ya ce mutanen da suka tsaya gaban gora dominka, me zai sa ka ɓoye musu cewa 'yarka na neman zama hafsa? In har maƙwabtanka ne na gaskiya, wannan ba ya kama hankali. Ya ce in bai samu amsar da ta gamsar da shi ba, rahoton jiya zai tafi yadda yake.

Markus ya jawo takardunsa ya tattara. Ya ɗaure igiyar fayil, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Sannan ya yi magana yana kallon tebur.

"Maman Jamila tana da 'ya. Takardunta iri ɗaya ne da na Hope, kuma ita ma tana neman aikin gwamnati. Na ji tsoron in ta ji, sunan zai canza a hanya."

Da farko ban gane ni ake nufi ba. Da na gane, sai na manta a ofishin wa nake. Na ce Baban Hope, ni? Ni da na yi wa Asabe wankan jego? Na ce ko jiharsu ba ɗaya ba, Jamila 'yar Kano, Hope 'yar Kaduna, ta ina zan sauya suna, a ina na san wani soja, Jamilar da ko ƙadangare ta gani sai ta hau kujera? Na ce shekara talatin ina zuba maka miya ta kan katanga, ashe kana ci kana lissafa ni cikin ɓarayi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su ba. Sha'aibu yana ba ni haƙuri, Rabi'u ya sulale waje, ni kuwa hawaye na zuba ina ƙara ɗaga murya. Markus bai ɗago kai ba.

Mutumin ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya jawo littafinsa ya ja layi a kan wani abu, ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Ya ce ya isa, Hajiya, wannan faɗan ba na haya ba ne. Bai yi mana alkawarin komai ba, ya ce shi mai kai rahoto ne, ba shi ke zaɓa ba.

Mako shida muka yi muna jira, kuma mako shidan nan ban yi wa Markus magana ba. In ya doso kanti sai in shige ciki in bar shi da Jamila. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Duk da haka kullum in na idar da sallah sai na sa Hope a addu'a, don in ta rasa gurbin nan, bakina ne ya fara jawowa.

Sunaye suka fito wata Juma'a. Hope ta shigo kanti da waya a hannu ta miƙo mini, ga sunanta na huɗu a jerin jiharsu. Na yi guɗar da aka ji har bakin titi, da gangan kuwa. Markus ya sa aka buga masa jerin a shago biyu daban-daban don ya gwada ko za su zo ɗaya. Da yamma ya zo ya tsaya a bakin kanta, hula a hannu, ya ce Maman Jamila, a yi haƙuri. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, ni kuma na ce ya wuce, ko da yake bai gama wucewa ba.

Ana saura kwana biyu ta tafi, Hope ta zo da wani fom ta shimfiɗa a kan kanta. Akwai layin da ake rubuta wanda za a fara sanarwa in wani abu ya samu soja. Na duba na ga sunana da lambar wayata, da adireshin kemis. Na ce mata wannan wurin ubanki ne, kada ki ƙara masa wani ciwon.

"Anti, wata huɗu Mama ta yi tana ciwo, ke kina bayan katanga da allura da komai, bai bari kin sani ba sai ana saura kwana uku ta rasu. In aka kawo masa labarina, rufe ƙofa zai yi ya zauna da shi shi kaɗai, ya ce muku na tafi kwas. Ke kuwa za ki gaya wa layi, a zo a zauna da shi."

Na sa hannu. Na miƙa mata fom ɗin.

Yanzu wata biyar ke nan da tafiyarta. Markus na nan kan bencin Sha'aibu da jaridarsa, in aka tambaye shi ina Hope ya ce ta ɗan fita. Ni kuwa duk baƙon da ya tsaya a bakin kanta da aski ƙasa-ƙasa da takalmi mai ƙyalli, sai gabana ya faɗi kafin ya buɗe baki. In ya tambayi gidan Markus, ba na cewa ban san shi ba. Cewa nake ya fara gaya mini, ni ce aka rubuta.